Juyen baƙin mai a gida: wa ya taɓa yi wa motarsa da kansa?

Malamin Firamare (Taura):
Assalamu alaikum, 'yan uwa masu albarka. Ina da Golf 3 wadda nake zuwa makaranta da ita, kuma ita ce ake kai marasa lafiya asibiti da ita idan lalura ta taso a ƙauyenmu cikin dare. Duk lokacin da juye ya yi, sai na tafi Ringim ko Gujungu, na ƙona fetur zuwa da dawowa, na kuma ɓata rabin yini ina jiran layi. Abin da ya fi damuna shi ne, yawanci yara ake bar wa aikin, kuma mutum ba ya iya tabbatar da cewa an sa masa sabuwar filta ko tsohuwar aka goge aka mayar. Shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka san aikin: shin zan iya yin juyen nan a ƙofar gida, waɗanne kaya nake bukata, kuma wane irin baƙin mai ya dace da motar?

Baba Makanike (Wudil):
Wa alaikumus salam, Malam. Za ka iya, domin a duk aikin mota babu wanda ya kai juye sauƙi, amma ina roƙonka ka fara da abin da ke kashe mutane kafin mu zo kan mai. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak ɗin da ke zuwa da mota don canza taya aka yi shi, kuma ƙasarku ta wajen Taura rairayi ce, gindinsa yana iya nutsewa ko ya goce ba tare da wata alama ba. Haka kuma kada ka tokare da bulo na siminti, saboda bulo yana farfashewa lokaci guda idan nauyi ya hau shi. Ka nemi wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka sa waigi a tayoyin baya, sannan ka tokare motar da guntayen katako masu kauri waɗanda ba su da tsaga. Wanda ya fi wannan shi ne ka jera katako mai faɗi ka hau da tayoyin gaba a kai, ka ga ba ka bukatar jak ɗin ma.

Kayan aikin ba su da yawa. Notin juye na Golf sifana mai lamba 19 yake ɗauka, na Corolla 14, na Honda 17, kuma ka yi amfani da mai zobe, kada ka yi da mai buɗaɗɗen baki, don kada ka cinye kan notin. Sai roba mai faɗi wadda za ta ɗauki fiye da lita biyar, da mazurari, da tsumma mai tsabta, da sabuwar filta, da sabuwar washa ta notin.

Ka tayar da motar ta yi kamar minti biyar don man ya yi ɗumi ya saki jiki, sannan ka kashe. Idan daga tafiya ka dawo, ka bari ta huce sosai, domin man injin da ya yi aiki zafinsa yana kusa da na tafasasshen ruwa. Ka buɗe murfin zuba mai na sama, ka sa robar a ƙarƙashi, ka sassauta notin da sifana, ka ƙarasa da hannu kana danna shi sama har zarensa ya ƙare, sai ka janye hannunka da sauri. Man zai fara fitowa da ƙarfi yana yin gefe, don haka kada ka sa robar daidai ƙarƙashin ramin, ka ɗan gusa da ita inda zai faɗa. Ka ba shi lokaci har ya koma ɗiga. Bayan nan ka kwance filtar, ka duba da idonka ko zoben robarta ya fito tare da ita, domin wani lokaci yana manne wa jikin injin, kuma idan ka ɗaura sabuwa a kan tsohon zobe man zai yi tsartuwa da zarar ka tayar. Ka shafa sabon mai da yatsa a zoben sabuwar filtar, ka murɗa ta da hannu har ta taɓa jikin injin, ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, ka tsaya nan. Ka mayar da notin da sabuwar washa, ka fara da hannu kafin sifana, kuma kada ka ɗaure shi da dukan ƙarfinka. Ka zuba man, ka rufe, ka tayar, ka zuba wa fitilar mai ido: ya kamata ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. Ka kashe, ka jira minti biyar, ka sauke motar ta daidaita a ƙasa, sannan ka duba geji, wato siririn ƙarfen da ake zarowa a ga yawan mai.

Direban Haya (Hadeja):
Baba ya gama magana a kan tsarin aikin, Allah ya ƙara girma. Sai dai ni a kan mai ina da ra'ayi mai ƙarfi. Malam, ka sayi mai kauri, SAE 40 ko 20W-50, ka rabu da waɗannan masu kama da ruwa. Mu da muke bin hanyar Kano zuwa Hadeja kullum da lodi da fasinja, a watan Afrilu lokacin da kwalta take narkewa, mun san abin da zafi ke yi wa mai. Batun filta kuwa, ba dole ba ne a canza ta kowane juye, ni sai na yi juye biyu nake canza ɗaya, kuma motata tana nan tana aiki.

Ɗalibin Injiniya (Kazaure):
Yaya Direba, ina neman izinin yin ɗan bayani a kan lambobin nan, domin mutane da yawa suna auna kaurin mai da yatsa alhali yana sanyi a cikin galan, kuma wannan ba shi ne kaurin da injin ke gani ba. A rubutu irin 20W-50, lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudu lokacin da yake da sanyi, lamba ta biyu kuma tana nuna kaurinsa lokacin da aka auna shi a digiri 100 na zafi. Saboda haka 5W-30 da 10W-30 kaurinsu kusan ɗaya ne idan injin ya ɗauki zafi, bambancinsu yana wajen tashin safe. Shi kuwa SAE 40 da babu W a jikinsa, da asubar hunturu yana da nauyin tashi, kuma a waɗannan daƙiƙun farko kafin mai ya hau sama ne ƙarafa suka fi gogar juna.

Akwai kuma abin da ake mantawa. Injin mai lafiya, wanda lagiretonsa da fankarsa ke aiki, yana tsayawa ne a wajen digiri 90 ko a Kano yake ko a Jamus. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana ƙara wa man wahala, wannan gaskiya ne, amma bai mayar da injin wani injin daban ba. Bayan lambar kauri, a duba alamar API, mai nuna matakin ingancin man, a jikin galan. Wadda ta fara da harafin S ta injin fetur ce, kamar SL da SM da SN da SP, kuma kowace ta baya ta fi ta gabanta sabunta: SN ta fito a 2010, SP kuma a 2020. Wadda ta fara da C, kamar CH-4 ko CI-4, ta injin gas ce.

Direban Haya (Hadeja):
Ƙanena, karatunka yana da kyau, amma littafin da kake karantawa an rubuta shi ne don sabuwar mota. Wace Golf 3 ce sabuwa a ƙasar nan? An daina ƙera ta tun kafin shekarar 2000, ta gama yawonta a Turai sannan aka kawo mana ita. Ka zuba mata 5W-30 ka gani, kafin mako biyu geji ya sauka, bayanta yana hayaƙi shuɗi, fitilar mai tana ƙiftawa idan ka tsaya a shingen hanya.

Alhaji Mai Corolla (Bichi):
Ina ganin ku biyun kowa motar da ke gabansa yake kallo. Tawa Corolla ce ƙirar 2006, kuma a kan murfin zuba mai an rubuta 5W-30 ƙarara. Akwai lokacin da aka zuba mata 20W-50 a wani gareji ba tare da an tambaye ni ba, sai na lura da safe tana yin wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani na ɗan lokaci kafin ta daidaita, kuma shan fetur ɗinta ya ƙaru. Da na koma kan wanda aka rubuta, ƙarar ta ragu ƙwarai. Wani abin da nake so Malam da sauran 'yan uwa su lura da shi shi ne, motocin da suka zo daga Amurka mil suke ƙirgawa, ba kilomita ba. Wanda aka ce masa ya yi juye bayan 5,000 ya tsaya jiran agogon ya cika 5,000, to ya yi tafiyar kilomita 8,000 ke nan bai sani ba.

Baba Makanike (Wudil):
Alhaji ya kawo mu inda ya kamata. Injin Corolla irin tasa yana da na'urar da ake kira VVT-i, wadda da matsin mai take aiki ta wasu ƙananan hanyoyi masu siriri da wata 'yar raga da ke toshewa idan mai ya yi nauyi ko ya yi datti. Wannan injin a ba shi abin da masu shi suka rubuta. Golf 3 kuwa tsohon tsari ce, kuma idan ta tsufa ƙarafanta sun saki, 20W-50 ko 15W-40 mai kyau ba zai cuce ta ba a yanayinmu. Don haka Malam, a nan ina tare da Direba, sai dai ban yarda da SAE 40 ba, saboda dalilin da yaron nan na Kazaure ya faɗa. Galan mai lita huɗu zai ishe ka ko ya rage kaɗan, amma kada ka juye shi duka lokaci ɗaya. Ka zuba kamar uku da rabi, ka duba geji, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a jikin geji yawanci kimanin lita ɗaya ne. Mai da ya wuce alamar sama ba alheri ba ne, domin ƙarfen da ke juyawa a ƙasa yana bugunsa ya yi kumfa, kuma kumfa ba ta hana ƙarfe cin ƙarfe.

A kan filta kuwa, Direba, ka yi haƙuri, ba na tare da kai ko kaɗan. Na sha yanka tsohuwar filta da zarto a gaban masu mota don su gani da idonsu. A ciki takarda ce aka naɗe ta lanƙwasa-lanƙwasa, kuma a motar da ke bin hanyar burji za ka tarar da lungunan takardar sun cika da wani baƙin laka mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe, wani lokaci takardar ta bushe tana karyewa a hannu. Idan ta toshe, ba tsayawa man zai yi ba: akwai wata 'yar ƙofa a ciki da ke buɗewa ta bar shi ya wuce ba tare da an tace shi ba. Shi ya sa motarka take tafiya kamar lafiya ƙalau, alhali da datti take wanka. Ƙari a kan haka, tsohuwar filta tana riƙe da tsohon mai a cikinta, wanda zai gauraye da sabon da ka saya da tsada tun minti na farko. Kuɗin filta bai kai rabin kuɗin galan ba, to me ya sa za a yi rowar ƙaramin a ɓata babban?

Malamin Firamare (Taura):
Na gode ƙwarai, Baba, na gode 'yan uwa. Saura tambaya biyu. A kasuwannin ƙauye ana sayar da baƙin mai na awo daga duro, kuma ya fi na galan araha sosai, shin akwai laifi a kansa? Sannan agogon kilomitar motata ya daɗe da tsayawa, da me zan gane lokacin juye ya yi?

Mai Shagon Kayan Mota (Dambatta):
Malam, ni sana'ata ke nan, daga Ƙofar Ruwa nake saro kaya, kuma zan faɗa maka tsakani da Allah. Man awo ba duka ne marar kyau ba, amma ba ka da hanyar sanin abin da ke cikin duron, kuma akwai masu zuba ɗanyen mai wanda ba a haɗa shi da sinadaran da ke wanke injin da hana shi tsatsa ba, akwai ma masu tace tsohon mai su gauraya. A ido da yatsa ba za ka bambance ba. Na galan ma ana yin jabunsa, don haka ka duba hatimin murfi ko an taɓa ɓalle shi, ka duba rubutun ko ya fito tsaf, da lambar rukuni da ranar da aka yi shi, da alamar hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Mafi kwanciyar hankali shi ne ka saya a gidan mai na kamfanin da ya yi man, ko wurin dillalin da aka sani wanda za ka iya komawa gare shi. Idan ka gama da galan ɗin, ko dai ka zuba tsohon man a ciki ko ka huda shi, domin masu jabu galan na gaske suke bi suna saye. Filta kuma ka ɗaga ta a hannu: jabu tana da rashin nauyi, zarenta yana da kaushi, kuma zoben robarta yana da tauri kamar busasshiyar fata.

Ɗalibin Injiniya (Kazaure):
Game da lokaci, Malam, masu ƙera motoci suna rage wa'adin juye ga motar da ke aiki cikin ƙura da zafi da gajerun tafiye-tafiye, kuma wannan shi ne halin ƙauyukanmu gaba ɗaya. Da baƙin mai na gama-gari, wanda ba irin da ake kira synthetic ba, kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, ma'auni ne mai aminci. Tunda agogonka ba ya aiki, ka ƙiyasta nisan gida zuwa makaranta ka ninka da kwanakin aiki, ka rubuta ranar juye a takarda ka liƙa a cikin ƙofa. Baƙin launi kaɗai ba hujja ba ne, domin mai mai kyau yana yin baƙi da wuri saboda dattin da yake kwashewa. Amma idan ka ga ya koma kalar shayi da madara, to ruwa ne ke shiga cikinsa, kuma wannan ya wuce aikin ƙofar gida. Ka riƙa duba filtar iska a duk juye, musamman bayan hunturu, domin ƙurar da ta wuce ta ƙarshenta cikin mai take.

Direban Haya (Hadeja):
Baba, akwai masu zuba kalanzir ko gas a injin su tayar na ɗan lokaci don ya wanke ciki kafin a zuba sabon mai. Me ka ce a kai?

Baba Makanike (Wudil):
Kada ka bari a yi maka. Kalanzir ba ya riƙe ƙarfe, kuma yana ɓamɓaro dasƙararren datti ya kai shi bakin ragar famfon mai ya toshe. Na ga injin da ya buga kwana kaɗan bayan irin wannan wankin. Idan cikin injin ya yi datti, ka yi juye biyu kusa da kusa da mai mai kyau.

Hajiya Ma'aikaciyar Lafiya (Auyo):
Sallama gare ku. Na bi muhawarar tun daga farko, kuma har yanzu ban ji wanda ya tambayi inda lita huɗun nan na tsohon mai za su tafi ba. A gareji ko banza akwai duro da ake tarawa, amma a gida Malam yana da yara da awaki da kaji, kuma mai yiwuwa akwai rijiya a tsakar gida ko a ƙofar gida. A yankinmu na fadama ruwa ba shi da nisa da doron ƙasa, abin da aka zubar a bayan katanga damina ɗaya ta isa ta kai shi inda muke ɗiba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye guda ɗaya yana iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Tsohon mai yana ɗauke da garin ƙarafa da guba ta ƙonewar fetur, kuma yawan taɓa shi da fata yana da haɗari, don haka Malam ya sa safar hannu ko leda, ya wanke da sabulu, kada ya wanke hannu da fetur. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda ake shafa shi a gyambon jaki ko ƙazuwar akuya, har ma a kan yaro mai makero. Ina roƙon duk wanda ke karanta wannan ya hana a gidansu. Kuma kada a zuba shi a robar lemo ko ta ruwa a ajiye inda yaro zai kai hannu.

Manomin Rani (Kadawa):
Hajiya, maganarki gaskiya ce a kan yara da dabbobi. Amma mu a nan muna shafa shi a katakon rufi da turakun rumfa saboda gara, muna kuma sa wa ƙafar amalanke. Idan aka ce kada a zubar, kada kuma a yi amfani da shi, to ina mutumin ƙauye zai kai shi? Mu da ke da injin ban ruwa muna yin juye fiye da masu mota.

Hajiya Ma'aikaciyar Lafiya (Auyo):
Malam Manomi, ƙafar amalanke da sauƙi idan kaɗan ne kuma ba ya ɗiga. Turken da aka binne a ƙasa kuwa, ruwan sama yana wanke man ya shiga ƙasar, kuma katakon ɗakin kwana mutane ne ke shaƙar warinsa. Ku masu injin ban ruwa ma abin ya fi shafarku, tunda a bakin ruwa kuke juyen, kusa da tumatir da albasa da shinkafar da za a ci. Ku riƙa zuwa da roba da jarka gona.

Mai Shagon Kayan Mota (Dambatta):
Amsar tambayar Manomi tana da sauƙi. Tsohon mai yana da masu saye, kuma kusan duk masu juye a bakin tasha suna tara shi a duro su sayar. Ka tara naka a jarka mai murfi, kada ka haɗa shi da ruwa ko fetur, ranar da za ka shiga gari ko ranar kasuwa ka kai musu, za su karɓa da murna. Tsohuwar filta kuma a kife ta a kan robar ta kwana ta tsane, sannan a ba masu gwangwan.

Malamin Firamare (Taura):
Alhamdu lillahi, jiya Asabar da safe kafin iska ta taso na yi aikin, a kan dandamalin simintin da ke gaban shagon maƙwabcina, da katako a ƙarƙashin tayoyin gaba. Fitilar mai ta mutu nan da nan, geji yana ɗan ƙasa da alamar sama, tsohon man kuma yana cikin galan a ɗakin ajiya, a kulle, har ranar da zan shiga Ringim. Sai dai yau da safe na ga ɗigo biyu a ƙasa daidai saitin notin. Baba, in ƙara ɗaure shi ne?

Baba Makanike (Wudil):
Kada ka yi gaggawar ɗaurewa, Malam. Ka fara goge notin da kewayensa da jikin filtar da tsumma har su bushe, domin sau da yawa man da ya zuba lokacin kwance filta ne yake gangarowa ya taru a wurin. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashi ta kwana. Idan da safe kwalin a bushe yake, babu komai. Idan ka ga sabon mai a kan notin kansa, ka gwada shi da sifana a hankali, idan ya motsa ka ƙara masa kaɗan ƙwarai, idan kuma ya tsaya cak to washar ce ba ta zauna daidai ba, kuma ƙarfi ba zai gyara ta ba, sai dai ya cinye zaren. A wannan halin ka wanke roba tsaf ta bushe, ka tare sabon man a ciki, ka canza washar, ka mayar da shi ta mazurari. Kafin nan ka riƙa duba geji kowace safiya kafin ka tayar, kuma ka turo mana hoton wurin bayan ka goge.